Kiɗan da Na Koya daga Katin Baba Gado

Ku da kuke shigowa shagona da waya a hannu kuna cewa, "Kawu Bala, nuna mini wannan cikin sati ɗaya," ku samu wuri ku zauna tukuna. Kai kuma ajiye jitar nan, ba a riƙe ta kamar taɓarya. Na haura shekara talatin ina gyaran kayan kiɗa masu tsirkiya a nan Talata Mafara, ina kuma kaɗa su a gidajen biki, amma akwai kiɗa guda ɗaya tak, wanda bai kai minti huɗu ba, da ya cinye mini wata biyar, ya kuma sa ni jin kunyar da ban taɓa jin irinta ba. Labarinsa zan ba ku, don ku san abin da kuke tambaya.

Da molo na fara, a Faru, wurin Baba Gado. Shi ke sassaƙa itacen da hannunsa har ya zama kamar ɗan kwamin ba dabbobi ruwa, ya ja masa fata tana da danshi, ya sa gora, ya ɗaura tsirkiya uku. Wata uku na farko bai bar ni na taɓa komai ba sai tsirkiya ɗaya, da babban yatsa kaɗai. In zauna gindin ɗorawa ina bugun ta, dum, dum, dum, shi yana sassaƙa yana jefo mini tambayoyi: nawa ne awakin gidanmu, wa ya auri ƙanwar babana, me aka shuka a gonar yamma. Da na tsaya don in ba shi amsa sai ya ce, "Bakinka na tambaya, ba yatsanka ba." Matarsa, Inna, takan leƙo ta bayan danga ta ce, "Malam, ka bar shi ya sha fura mana, ko yatsan ma ai yana jin yunwa." Ita ce ta ciyar da ni shekara huɗu, Allah ya jiƙanta.

Jita kuwa a karye na same ta. Wani ma'aikacin awon filin noman rani ne ya tashi komawa garinsu, ya bar ta jingine a bayan ɗaki, wuyan ya rabu da jiki. Na haɗa da gam, na ɗaure da robar tayar keke, na bar ta kwana huɗu a inuwa. Tsirkiyoyi biyu babu, sai na warware wayar birkin keke na ja siraran na sa. Ranar da na kai wa Baba ita ya shafa ta sama da ƙasa, ya kaɗa tsirkiya ɗaya, ya taɓe baki ya ce, "Tsirkiya shida, magana guda." Bai hana ni ba dai. Da ita na ci abinci, da ita na yi aure, daga baya gyara ya fi kiɗan yawa: masu coci su kawo wadda zafi ya lanƙwasa wa wuya, ɗaliban babbar makarantar nan su kawo wadda suka ɗaure har kunnenta na ɗaure tsirkiya ya karye, wani ma ya kawo mini wadda ɓera ya haihu a ciki.

A gidan biki doka ɗaya ce, kuma ku riƙe ta don za ta dawo a labarin nan: kada kiɗa ya mutu a hannunka. Da ka yi shiru na numfashi ɗaya mata sun koma kan tabarma, fili ya watse. Ko tsirkiya ta tsinke, ka ci gaba da sauran. Ko ka manta inda kake, ka sa ado, ka yi kewaye har ka tuno. Shekara da shekaru hannuna ya saba da haka, har ya zama ba ya shawara da ni.

To, wata shekara wasu ɗalibai suka zo Faru da kyamara, suka ɗauki Baba yana aikin molo, tun daga sare itace har ɗaurin tsirkiya. Ba wasan kwaikwayo ba ne, irin fim ɗin nan ne da ake ɗaukar mutum a bakin aikinsa, wani yana bayani da Turanci a kai. Bayan wasu watanni ɗayansu ya aiko masa da shi a ɗan katin memori. Daga nan ba a sake jin ɗuriyarsu ba, ko sunansu babu wanda ya riƙe. A daminar nan Inna ta rasu. Bayanta idon Baba ya rufe gaba ɗaya, zaman ƙauye kuma ya gagara, sai autarsa Hajara ta ɗauko shi ta kawo shi gidanta a cikin garin Maradun.

Can na je gaishe shi. Na same shi a zaure da 'yar ƙaramar waya manne a kunne. Muka gaisa, muka yi gajiya, muka yi iyali, muka yi ruwa, sannan ya miƙo mini wayar ya ce, "Saurari abin da yaran nan sunka yi min. Fim na molo, sun sa mishi kiɗan jita. Ka ga rashin ta ido?" Yana faɗa yana murmushi. Na kara a kunne. A ƙarƙashin muryar mai bayani akwai jita tana tafiya a hankali, ƙasa na bugawa daidai kamar daka, sama kuma na rera wani abu mai sanyi. Na ce, "Baba, mutum biyu ne, ɗaya na riƙe ƙasa, ɗaya na waƙa." Ya ce, "Mutum guda na. Hannu guda." Na ce ba zai yiwu ba. Ya ce, "Kunnenka ya lalace a gidan biki. Ɗauki katin ka tai ka koyo shi. Ina son in ɗora hannuna bisa naka in ji yadda aka yin shi, kafin in mutu ban sani ba."

Hajara da ke tsaye bakin ƙofa ta ce, "Yaya Bala, ka dai tura a wayarka ka bar masa katin. Kullum bayan la'asar sai ya saurara, ran da caji ya ƙare ko abinci ba ya ci." Na gwada, wayata a cike take, ta ƙi karɓa. Na ce to zan tafi da shi, in sa mai caji ya kwafa mini, in maido cikin sati biyu. Baba ya ce, "Shi kaɗai gare ni, Bala." Na ce na sani. Na zare nawa katin na sa nasa.

Ban kai wa mai cajin ba. Yau in ce gobe, gobe in ce jibi, tun da ga shi a wayata ina ji. Kafin sati biyun su cika sai shekarar nan ta 'yan bindiga ta rufto mana, wadda duk kun sani. Aka rufe kasuwanni, aka yanke sabis ɗin waya, hanyar Maradun ta zama sai wanda ya zame wa dole. Biki ya koma ɗaurin aure a ƙofar masallaci, a watse. Wata guda cur babu wanda ya leƙo shagona ko da tsirkiya ɗaya. Na koma 'yar gonar shinkafata da ke wajen Bakura, in tafi da safe in dawo da azahar, sauran yinin kuma ni da jita da waya.

Aikin farko shi ne jin abin, kuma kada ku ɗauka sauƙi ne. Ku yanzu kuna kallon yatsun mutum a waya, kuna rage masa sauri. Ni ba yatsu, sai hannun Baba yana sassaƙa, da wani bawan Allah yana zuba Turanci a kan kiɗan. Sai na koya wa kunnena ya bi ta ƙarƙashin maganarsa. In saki daƙiƙa biyar in tsayar, in nemo su a jita, in mayar baya. Wayar kuma in ka ce ta koma kaɗan sai ta yi tsalle ta koma farko. Ban iya rubutun kiɗa ba, don haka na raba shi gida-gida da abin da ke faruwa a hoton: gidan sare itace, gidan gizago, gidan jan fata, gidan ɗauri. Na zana su da gawayi a bangon shagon can, inda kalandar nan take yanzu.

Sati biyu ina neman wata murya ta ƙasa da babu ita a jitata. Duk inda na danna ta fi ta tsini. Na zargi wayar, na zargi gam, na zargi kunnena. Wata rana da hantsi ina canza babbar tsirkiya, ban gama ɗaure ta ba na kaɗa ta da wasa, sai ga muryar ta fito. Ashe mutumin sassauta babbar ya yi, ya sauke ta ƙasa da inda kowa ke ajiye ta. Ina sauke tawa sai wuraren da nake ganin sai da mutum biyu suka zo ƙarƙashin hannu ɗaya. Na zauna ina dariya ni kaɗai. Tsohon nan bai ga komai ba, ta 'yar waya mai tsatsa ya ji, kuma shi ke da gaskiya.

Sai batun farce. Wannan kiɗa ba a yin sa da ɗan robar nan da kuke goga tsirkiya da shi. Babban yatsa ke riƙe uku na ƙasa, yatsu uku na biye kowa da tasa tsirkiya. Hannun hagu a yanke farce har nama, na dama a bar kaɗan, kamar tsawon ƙwayar shinkafa, a goge bakinsa da sanfefa mai laushi, takardar nan ta goge katako. Mai yankan farcen da ke zagayowa ran Juma'a sai da muka yi ta daru da shi, don shi in ya kama hannu bai san ya bar komai ba. Uwargidana ta ce in dai da waɗannan zan ci tuwo to in nemi kwanona. Cirar ciyawa a shinkafa kuma ta karya mini na tsakiya sau biyu, kowane karo sai na jira ya toho.

Babban yatsa dai tsohon ɗalibin Baba ne, bai ba ni wuya ba. Haɗa shi da sauran ne aikin. Da yatsun sama sun fara rerawa sai shi ma ya bi su, ya bar dakansa. Sai na koma gindin ɗorawa a raina: in sa shi yana bugu, in riƙa hira da maƙwabcina tela, in ƙara yatsa ɗaya, bayan kwana uku in ƙara wani. A wata na huɗu na iya bi daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, sai wuri ɗaya. A gidan jan fata, inda Baba ke sunkuye yana ɗinke ta, kiɗan yakan nutse. Mai bayani ya yi shiru, amma iska na kaɗa kyamara, akwai kukan akuya, akwai hayaniyar gida can nesa, sannan jitar ta dawo. Na ce a raina iska ce ta danne ta. Na kasa kunne ina neman tsirkiya, tsirkiya kaɗai, ban ji ba. Hannuna kuwa bai jira ni ba, ya sa wani ɗan ado mai kyau ya haɗe bakin biyu, har na ji daɗin kaina.

Ranar da abin ya faru na gama aikin taɓo ne a gona, na je bakin babban kanal, hanyar ruwan noman rani, in wanke ƙafa. Wayar tana aljihun gaba, don ko a gona ina saurare. Na sunkuya. Ƙaramar ƙara kawai na ji, tsulum. Ruwan an sako shi da ƙarfi ranar, ja wur, ba ka ganin tafin hannunka. Na faɗa ciki da rigata, masu gonar kusa su uku suka taya ni, muka lalube laka har inda ruwan ke shiga ƙarƙashin hanya. Har la'asar ba mu samu komai ba sai gwangwani da takalmi wari guda.

Na yi kwana uku ban taɓa jita ba. Ba wayar ta dame ni ba. Wata huɗu ke nan tsoho yana zaune a zaure bayan la'asar hannunsa wayam, ba hanyar da zai kira ya tambaye ni, kuma abin da nake gaya wa kaina kullum shi ne zan mayar masa da riba. Yanzu babu abin da ya rage na fim ɗin nan a duniyar da na sani sai abin da ke cikin yatsuna. A rana ta huɗu tsoro ya kama ni kada shi ma ya zube, na ɗauko ta na ci gaba, safe da yamma, ina bin zanen gawayi. Ko da sabis ya dawo daga baya, na sa ɗalibai sun bincika ko'ina, ba a same shi ba.

Da hanya ta ɗan yi dama na naɗe jita a zane, na hau mota zuwa Maradun. Na isa ana fitowa daga sallar la'asar. Baba na zaure a kan buzunsa, ya rame. Tun daga sallamata ya gane ni. Muka gaisa, na ja gaisuwar iya jan da zan iya, na tambayi har awakin da ya bari a Faru. Hajara ta kawo ruwa ta tsaya. Shi ne ya yanke, ya miƙo tafin hannu ya ce, "Ina katina?"

Na ce, "Baba, na yar da shi a ruwa. Ban kwafa ba. Ba laifin kowa ba ne, nawa ne."

Hajara ta ce, "Inna lillahi," a hankali, ta juya ta shige gida. Baba bai janye hannun nan da nan ba. Ya bar shi a buɗe, sannan ya mayar kan gwiwa. Na fi son a ce ya zage ni. Can ya ce, "Ka koyo?" Na ce na koyo. Ya ce, "Matso."

Na zauna dab da shi, na sauke babbar tsirkiya. Yana jin saukarta ya ce, "Ashe nan ya ɓoye ta." Ya lalubo hannuna na dama ya ɗora nasa a baya, mara nauyi, yatsunsa a kan nawa. Na fara. Gidan sare itace ya wuce, ya ce, "Uhm." A gidan gizago na ji babban yatsansa yana bin nawa, ya ce, "Ban gaya maka ba? Mutum guda." Na ce, "Ka gaya mini, Baba." Muka shiga gidan jan fata, na iso wurin nan, na saki adona.

Sai ya danne hannuna a kan tsirkiyoyin, da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba.

"Mi ne ne wanga?"

Na ce, "Nan iska ta rufe kiɗan, Baba, ban ji abin da ya yi ba, sai na cike."

"Wa ya ce ka cike? Ba iska ta ba. Ɗaga hannu ya yi. Babu kiɗa nan. Wata huɗu kana saurare ba ka ji ta ba?"

Na ce, "Wa?"

"Innarku. Daga bayan danga. Ba ta cikin hoton, muryarta ɗai ta shiga. 'Malam, ga fura.' Sau biyu ta faɗi. Yaran sun ce min kada in yi magana, kada in waiwaya, in yi kamar babu kowa. Ban amsa mata ba, Bala. Ina ji ta aje ƙwaryar ta koma." Ya saki hannuna. "Mai jitar ga, ko wane ne shi, ya ji ta. Shi ya sa ya dakata mata. Ni kuma kullum in an zo wurin sai in amsa."

Wallahi ban san inda zan sa fuskata ba, ko da yake ba ya ganina. Sau ɗari nawa na bi ta wurin nan, kunnena na farautar tsirkiya, matar da ta ciyar da ni shekara huɗu tana magana, na lissafa ta cikin hayaniyar gida. Kuma ita ce na jefa a kanal. Na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce, "Na yafe. Ruwa ya ci, ya ci. Koma daga farko."

Na ce, "In na zo wurin, shirun nawa zan bari? Ban auna shi ba."

Ya ce, "Ba kai za ka auna ba. Ka dai ɗaga hannu. In ka ji ni, ka ci gaba."

Na koma daga farko. Hajara ta dawo ta tsaya daga cikin ƙofa, ina jin numfashinta. Na wuce sare itace, na wuce gizago, na shiga jan fata. Da na iso wurin sai da na yi da gaske, don yatsuna sun riga sun tashi za su cike, na janye su na dunƙule a kan cinyata. Muryar tsirkiyar ƙarshe ta yi ta raguwa har ta ɗauke. Tun da nake kiɗa ban taɓa barin shiru mai tsawon wannan ba. Wani ya wuce da babur a waje. Baba ya karkata kai wajen dama, yana jira, ya bar ta ta kira na farko, ya bar ta ta kira na biyu.

"Na'am," ya ce. "Aje nan, ina zuwa."

Sannan na mayar da babban yatsa kan tsirkiya.